Amurka: Ƙuri'ar mazauna gari kan haraji da filaye, wa ke zaɓe, wa ke biya?

A biranen Amurka da dama, mai zaɓe idan ya gama da sunayen 'yan takara yakan tarar da wasu tambayoyi a ƙasan takardar ƙuri'a: a ƙara haraji kaza ko a bari? A gina wannan fili ko a hana? Amsar da ta fi yawa ita ke zama doka. Tsarin yana da daɗin ji, tunda talaka ne ke yanke hukunci da hannunsa. To amma abin da ya faru a Los Anjeles, Shikago da San Faransisko daga 2022 zuwa yau ya nuna cewa sau da yawa masu jefa ƙuri'ar daban, masu ɗaukar nauyin daban.

Tushen lamarin

A jihar Kalifoniya labarin ya faro ne a watan Yunin 1978, lokacin da masu zaɓe suka amince da ƙudiri mai lamba 13. Wannan doka ta ce harajin gida ko fili kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na darajarsa, kuma darajar da ake lissafi da ita kada ta hau fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara, sai ranar da aka sayar da gidan. Masu tsofaffin gidaje sun samu sauƙi, su kuwa ma'aikatun magadan gari aljihunsu ya tsuke. A 1996 wani ƙudirin, mai lamba 218, ya ƙara ɗaure su: babu sabon harajin gari sai an tambayi jama'a. Shi ya sa kusan kowane zaɓe sai ka ga gari ya zo yana roƙon masu ƙuri'a.

Los Anjeles: harajin manyan gidaje

A watan Nuwamban 2022 mazauna Los Anjeles suka amince da ƙudirin ULA da kusan kashi 58 cikin 100. A yadda dokar ta fara aiki a 2023, duk gida ko ginin da aka sayar kan fiye da dala miliyan 5, wato wajen miliyar 3 na sefa a lokacin, mai sayarwa zai biya kashi 4 cikin 100. Idan kuɗin ya kai miliyan 10, harajin ya koma kashi 5.5. Kuɗin za su tafi ne wajen gina gidaje masu rahusa da kuma tallafa wa 'yan haya da ake shirin kora.

Ba wuya a gane dalilin da ya sa ya wuce. Mafi yawan mutanen garin 'yan haya ne, kuma ƙalilan ne za su taɓa sayar da gidan miliyan 5. Kowa ya ɗauka attajirai ne za su biya.

Sai dai a dubi yadda aka rubuta dokar. Harajin yana hawa kan dukkan kuɗin cinikin, ko da mai sayarwa bai ci riba ba. A 2023, ginin da ya ɗan haura miliyan 5 harajinsa wajen dala dubu 200 ke nan. Sannan bai tsaya kan gidajen alfarma ba, ya haɗa da kantuna, ofisoshi da benayen haya. Kafin dokar ta soma aiki ranar 1 ga Afrilun 2023, masu gidaje suka yi ta rige-rigen sayarwa, bayan nan kasuwa ta yi sanyi. An yi hasashen samun dala miliyan 600 zuwa sama da miliyar 1 a shekara, amma a shekarar farko abin da ya shigo bai kai miliyan 300 ba. Masu bincike a jami'ar UCLA kuma sun gano cewa harajin ya rage gina sababbin benayen haya, domin mai gini yana lissafin abin da zai biya ranar sayarwa tun kafin ya kafa tubali. Magoya bayan dokar suna nuna iyalan da aka ceto daga kora, kuma gaskiyarsu ne. Amma wanda zai nemi ɗakin haya nan da shekara biyar ya rasa, shi ba a tambaye shi ba.

Shikago: an ƙi, duk da ragin da ke ciki

Magajin garin Shikago, Brandon Johnson, ya gwada irin wannan a watan Maris na 2024. Nasa ƙudirin ma ya fi sassauci: mai sayen gidan da bai kai dala miliyan 1 ba harajinsa zai sauka daga kashi 0.75 zuwa 0.6, na manyan gine-gine kuma ya hau har kashi 3 a kan abin da ya haura miliyan 1 da rabi. An sa ran dala miliyan 100 a shekara don marasa matsuguni. Duk da haka jama'a suka ce a'a da wajen kashi 52 cikin 100.

Me ya faru? Na farko, ƙuri'ar ta faɗo ne a zaɓen fid da gwani, inda mutane kaɗan suka fito. Na biyu, masu harkar gine-gine sun yi ta tallar cewa kuɗin haya ne zai tashi. Na uku, wanda ya fi nauyi, takardar ƙuri'ar ba ta fayyace yadda za a kashe kuɗin ba, an bar wannan sai daga baya. Mutane ba su yarda su miƙa wa hukuma kuɗi a kan alkawari ba.

San Faransisko: gari ya so, unguwa ta ƙi

Rigimar fili ta fi ta haraji zafi, domin fili a ƙofar wani yake. A watan Nuwamban 2024 aka tambayi mazauna San Faransisko ko a rufe wa motoci wani yanki na hanyar bakin teku da ake kira Great Highway, mai tsawon kilomita 3 da 'yan kai, a mayar da shi wurin shaƙatawa. Kusan kashi 55 cikin 100 suka ce e. Amma unguwannin yamma, waɗanda ke bin hanyar kullum zuwa aiki, yawancinsu a'a suka ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: motocin da aka hana bi can, ta cikin layukansu za su ratsa.

An buɗe wurin a watan Afrilun 2025. A watan Satumba kuwa mutanen gundumar Sunset suka yi amfani da wata ƙuri'ar suka tsige kansilansu, Joel Engardio, wanda ya goyi bayan rufe hanyar. Ga shi dai hanyar tana rufe, kansila ya rasa kujera, gardama kuma ba ta mutu ba.

Abin lura

Garuruwan nan uku sun nuna cewa kafin a ƙirga ƙuri'a an riga an yanke rabin hukuncin. Wanda ya rubuta tambayar, ranar da aka tsayar, da iyakar waɗanda aka yarda su amsa, su ke juya sakamako. Ko adadin da ake buƙata ma abin faɗa ne. A Kalifoniya, harajin da hukumar gari ta kawo don wani aiki na musamman sai ya samu kashi biyu bisa uku, amma kotuna sun yarda cewa wanda jama'a suka kawo da sa hannunsu rinjaye kaɗai ya ishe shi. Ta wannan ƙofa ULA ya shiga. Da an nemi kashi biyu bisa uku, da kashi 58 ɗinsa bai kai shi ba. Ƙungiyar masu biyan haraji mai ɗauke da sunan Howard Jarvis, jagoran ƙudirin 1978, ta kai ƙara a kan ULA, kotu ta yi watsi da ita a 2023.

Akwai kuma matsalar gyara. Dokar da kansiloli suka yi, suna iya zama gobe su sauya ta. Wadda jama'a suka kafa da ƙuri'a kuwa, galibi sai an sake komawa wurinsu kafin a taɓa ginshiƙinta. Don haka idan an gano cewa harajin Los Anjeles yana hana gina benayen haya, gyaran na iya buƙatar wani sabon kamfe, da wasu miliyoyin dalolin talla, 'yan haya kuma suna jira.