Marina Bay: haya ta ƙare, an rufe ƙofa

Wannan karo za mu leƙa nesa, can ƙasar Singafo ta nahiyar Asiya. Ranar 30 ga watan Yuni na shekarar 2024 aka rufe filin ƙwallon lambu na Marina Bay, wasan nan da Turawa ke ce ma golf. Na san wani zai ce mene ne ruwanmu da wasan masu hannu da shuni. A yi mini haƙuri kaɗan, domin maganar ta fili ce da haya, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe rumfa a ƙasar da ba tasa ba zai gane ta.

Ga wanda bai san wasan ba, ƴar ƙwallo ce ake bugu da sanda mai lanƙwasasshen kai, daga nesa har ta faɗa cikin rami. Cikakken fili yana da rami 18, wanda ya kewaye su da bugu mafi kaɗan shi ya ci. Zagaye guda yakan ɗauki wajen awa huɗu, filin kuwa yakan cinye eka 50 ko fiye, ga ciyawa mai son ban ruwa kullum. Wasa ne mai haɗama wajen ƙasa.

Ita kuwa Singafo ƙasa ce ta yi mata ƙaranci. Faɗinta duka wajen murabba'in kilomita 735 ne, wato Nijar ta ninka ta fiye da sau 1.700, amma mutum wajen miliyan 6 ke zaune a ciki. Lokacin da ta samu mulkin kai a 1965 ba ta kai haka ba ma. Da yashi aka yi ta cike teku ana ƙara ta. Filin Marina Bay kansa a kan irin wannan cikon yake. Kusan duk ƙasar a hannun gwamnati take, kuma wajen mutum 8 cikin 10 a gidajen da gwamnati ta gina suke kwana. Don haka filayen wasan nan aro ne mai wa'adi.

An buɗe Marina Bay a 2006, wani reshe na babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, NTUC, ke tafiyar da shi. Abin da ya sa aka so shi ba ɓoyayye ba ne: shi kaɗai ne fili mai rami 18 wanda kowa ke iya biyan kuɗin yini ya shiga. Sauran manyan filayen na kulob ne, sai mai katin zama ɗan ƙungiya ko baƙonsa, kuma a wasunsu katin kaɗai ya haura dalar Singafo dubu ɗari. A Marina Bay kuwa ma'aikacin ofis na iya tashi daga aiki ya je ya buga da dare, domin an kafa fitilu, dogayen benayen birnin suna haskawa a gabansa. Shekara 18 aka yi haka.

Hujjar gwamnati tana da ƙarfi, kuma ba ta tsaya kan marasa ƙarfi kaɗai ba. A ƙarshen 2016 ta karɓe filin kulob na Jurong domin gina tashar jirgin ƙasa mai gudun gaske zuwa Kuala Lumpur ta Maleziya. Sai ga shi a watan Janairu na 2021 an soke aikin jirgin baki ɗaya, an bar ƴan kulob ba tsuntsu ba tarko. Ko dawaki ba su tsira ba: ranar 5 ga Oktoba na 2024 aka yi sukuwa ta ƙarshe a filin Kranji, bayan an fara ta a ƙasar tun 1843, domin za a gina gidaje a wurin. Mu da muka san abin da sukuwa ke nufi a gari, mun san wannan ba ƙaramin yanke shawara ba ne. Idan aka ɗora gidan kwana da filin wasa a kan sikeli, ba na jin akwai mai hankalin da zai ce wasa ya rinjaya.

Inda nake da ja shi ne wajen jeri da lokaci. A ƙarshen 2023 an rufe Champions, ƙaramin filin jama'a mai rami 9. Bayan wata shida Marina Bay ya bi shi. A watan Yuli na 2025 gwamnati ta bayyana cewa na Mandai, shi ma na jama'a mai rami 9, wa'adinsa ƙarshen 2026 ne. A cikin sanarwar nan ɗin, kulob-kulob da za su rasa filayensu an ba su har 2030, wani ma har 2035, wasu kuma aka tsawaita musu haya. Kulob yana da shugabanni da lauyoyi da ƴaƴa masu faɗa a ji, yana zama da hukuma a yi ciniki. Wanda ke biyan kuɗin yini kuwa ba ya da komai a hannu sai rasit, kuma rasit ba ya kai mutum teburin shawara.

An buɗe ma jama'a wani kaso na lokutan wasa a filin Sime da kulob na Keppel ke riƙe da shi. Abin a yaba ne, sai dai wanda aka ba shimfiɗa a zauren wani ba ya miƙe ƙafa yadda ya so. An kuma yi alkawarin ware cikakken fili mai rami 18 na jama'a bayan 2030. Gwamnatin Singafo ta yi suna wajen tsara abu tun da nisa, kuma ta san ranar ƙarewar hayar Marina Bay shekaru kafin ta zo. Da ta so, da ta shirya madadin kafin ta sa kwaɗo a ƙofa. Dattijon da ya ajiye aiki, wanda ya yi bugunsa na ƙarshe a can yana da shekara 70, zai kai 76 kafin wa'adin alkawarin ya cika.