Wanda Bai Zaga Garu Ba, Kada Ya Kawo Mana Wahayi



Kowace shekara shugabanninmu sukan aiko mana da "taken shekara". A buga a ƙyalle, a rataya bayan bagade, a ce wahayin da Allah ya ba ikilisiya ke nan. Kafin damina ta sauka ƙura ta rufe ƙyallen, ba mai tuna abin da aka rubuta. Sai a koma zargin membobi da sanyin zuciya. Ni dai na ce laifin ba na tumaki ba ne.

Ku buɗe Nehemiya sura 2. Mutumin nan ya zo daga fadar sarkin Farisa da wasiƙu a hannu, amma bai yi gaggawar kiran taro ba. Ya yi kwana 3 a Urushalima, sa'an nan ya fita da dare ya duba rusasshen garun, har ya kai inda dabbarsa ta rasa wurin wucewa. Sai da ya gani da idonsa ya yi magana, ya kuma sa kansa cikin wahalar jama'a. Shi ya sa suka tashi, aiki ya ƙare cikin kwana 52.

Mu fa? An kai hari Tabanni a ƙasar Rabah a 2018, an kashe mutane a kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021. Tsoron da ya hana manomin Tursa zuwa gona bai tambayi addininsa ba. Ƙananan ikilisiyoyinmu na wannan yanki sun ragu, waɗansu iyalai sun yi ƙaura. Shugabanni nawa ne suka bar Sakkwato suka kwana ɗaya tak wurin mai bishara a ƙauye?

Za a ce, "Fasto, hanya ba lafiya." Gaskiya ne, ban kuwa ce kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. Amma mai bisharan da matarsa can suke kwana. Kuma abin mamaki, ranar zaɓen ƙungiya hanya takan yi lafiya! An kafa CAN a 1976 domin mu yi magana da baki ɗaya, yau ga mu muna jayayya a kan wace ɗarika ce za ta hau kujera, mu da ba mu taka kara mun karya ba wajen yawa.

Sura 5 ce ta fi ƙona mini rai. Da talakawa suka yi kuka sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa da haraji, Nehemiya ya tsawata wa manya a gaban taro. Shekara 12 yana gwamna, bai karɓi abincin da ya cancanci gwamna ba. Mu kuwa ikilisiyar da ba ta iya biyan mai bishararta ba, an ɗora mata gudummawar taro, in babban baƙo ya zo kuma a haɗa masa buhun shinkafar Wurno. Da wane baki za mu ce musu su ba da kansu?

Dattawa, ku ma ba ku tsira ba. A sura 3 har 'ya'yan Shallum mata sun yi gini, amma manyan Tekowa suka ƙi sa hannu, an kuwa rubuta ƙinsu.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, kada a buga ƙyallen baɗi sai an zauna da masu bishara, da zumuntar mata, da matasa na Wurno, Rabah da Goronyo, an ji daga bakinsu. A kuma karanta lissafin gudummawar bara a gabansu, sisi da kwabo.