Katako: Wa Zai Shuka Itacen da Ba Shi Zai Sara Ba?

A watan Disambar 2024 aka sake buɗe majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, bayan gobarar Afrilun 2019 da ta cinye rufinta. Kafofin watsa labarai sun shagala da manyan baƙi da maƙudan kuɗin da aka tara, amma abin lura ga ɗan Nijeriya shi ne katakon. Da Faransawa suka yanke shawarar mayar da rufin yadda yake, dazuzzukansu suka shiga, suka zaɓo itatuwan oak, wanda Larabawa ke kira balluɗ, fiye da dubu, da yawansu sun haura shekara 150 a tsaye. Waɗanda suka rene su sun daɗe da kwanta dama. Tun a 1669 Colbert, ministan Sarki Louis na 14, ya fito da dokar dazuzzuka domin kada jiragen yaƙin ƙasar su rasa katako. An sha sake dokar, sarauta ma ta faɗi, amma aƙidar cewa ba a sara fiye da abin da daji ke iya mayarwa ta ɗore.

Oak dai ba itacen ƙasarmu ba ne. Ire-irensa kusan 500 sun fi yawa a Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Takwaransa da ke karɓar ƙasarmu shi ne itacen tik, mai faffaɗan ganye, wanda asalinsa Indiya da Bama da Tailan da Lawos. Darajarsa tana cikin maiƙon da ke ƙwaryar jikinsa, wanda ke hana gara da ruwa cin sa, shi ya sa masu ƙera jiragen ruwa ba su haɗa shi da kowane katako ba. Larabawa sun san shi da sunan saj tun zamanin da, kuma da shi aka rufe Masallacin Madina lokacin da Halifa Usman ɗan Affan ya faɗaɗa shi. Ingila ma rigimar tik tsakanin fadar Sarki Thibaw da wani kamfanin katako na Turawa na cikin hujjojin da ta kafa ta mamaye ragowar Bama a 1885.

A Bamar ne kuma aka gano dabarar shuka shi da arha. Wani Bajamushe, Dietrich Brandis, da aka ba kula da dazuzzukan yankin Pegu a 1856, ya bunƙasa tsarin da ake kira taungya: a ba manomi fili ya yi noman abinci na 'yan shekaru, shi kuma ya reni 'ya'yan itacen da aka dasa a tsakanin amfanin gonarsa. Tsarin ya iso Nijeriya a 1927 ta gandun dajin Sapoba da ke Jihar Edo ta yanzu, kuma daga baya aka kafa gandayen tik har a Arewa, kamar na Nimbia a kudancin Jihar Kaduna. Wato ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu sun shuka, mu muka tarar.

To, me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? Dalili shi ne ƙasashen da ke da tik na asali sun yi ta rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Tailan ta hana sarar dazuzzukanta a 1989 bayan mummunar ambaliya. Kotun Ƙolin Indiya ta taƙaita sara a 1996. Bama ta hana fitar da gungume a 2014, sannan bayan juyin mulkin 2021 Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa kamfanin katakon gwamnatinta takunkumi. Buƙata kuwa ba ta ragu ba, musamman a Indiya, sai 'yan kasuwa suka karkato Afirka ta Yamma da Kudancin Amurka. A nan ne gizo ke saƙar. Tik na dajin Bama yakan shekara ɗari ko fiye kafin a kai masa gatari. Namu ana kayar da shi yana ɗan shekara 15 ko 20, ƙwaryarsa ba ta gama nuna ba, a sayar da shi da farashin ƙananan gungume ko turakun wutar lantarki. Kamar mai yanka maraƙi ne domin yana marmarin nama.

Idan ba a manta ba, mun taɓa ganin ƙarshen irin wannan ciniki a kan madobiya. Da kasuwar kujerun alfarma ta Sin ta buɗe baki, cikin 'yan shekaru aka yi wa dazuzzukan Kogi da Taraba da Adamawa wawaso. A 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu, a shekarar kuma ƙungiyar bincike ta EIA ta ba da rahoton cewa gungume kimanin miliyan 1.4 sun fita daga Nijeriya zuwa Sin ta haramtacciyar hanya. A 2018 aka dakatar da cinikin madobiyar Nijeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar. Ihu ne bayan hari. Dillalai sun kwashe riba, ƙauyawa an bar su da kututture da zaizayar ƙasa.

A ganina matsalar ba ta rashin doka ba ce. Duk lokacin da abu ya ɓaci sai mu ji sanarwar hana fitar da katako, alhali hani ba ya dasa ko tsiro ɗaya. Gandayen daji a hannun jihohi suke, gwamna wa'adinsa shekara huɗu, in ya yi sa'a takwas, itacen kuwa yana neman arba'in zuwa sama. Ma'aikatar da aka ɗora wa tara kuɗin shiga kafin ƙarshen shekara ba za ta kalli daji ba face a matsayin rumbun da ake ɗiba. Shi ya sa lasisin sara ke fita da sauri, kuɗin dashe da albashin masu gadin daji kuma su maƙale. Dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa, mai karatu ya san wanda ke gadonsa. Kamuku da Rugu sun ishe mu misali.

Wani zai ce talakan da ke neman na tuwon dare ba zai jira itace shekara talatin ba. Gaskiya ne, in dai itacen ba nasa ba ne. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna haka: daga tsakiyar shekarun 1980, da manoma suka samu tabbacin cewa gawo da sauran itatuwan da suka tsiro a gonakinsu mallakinsu ne, ba na malamin daji ba, sai suka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 ba tare da wani gagarumin shirin dashe ba. Mai tik a gonarsa bai kamata ya yi ta zarya ofis yana neman izinin sarar abin da ya shuka da hannunsa ba, kuma ya kamata banki ya karɓi itacen da ke tsaye a matsayin jingina.

Sai dai a yi hattara. Tik yana son ruwan sama mai yawa da rani bayyananne, don haka kudancin Kaduna da Nasarawa da Neja da Taraba ne muhallinsa, ba Daura ko Nguru ba. Yana kuma kashe ciyawar ƙarƙashinsa, busasshen ganyensa abincin gobara ne, saboda haka ɓarna ce a share dajin asali domin a dasa shi. Filayen da suka riga suka lalace su ne wurinsa. Kuɗin da ke iya jiran irin wannan amfani ma akwai su, domin asusun fansho na ƙasa ya haura naira tiriliyan 20 tun a 2024, kuma kuɗi ne da masu su ba za su nema ba sai bayan shekaru. Abin da ya rage shi ne majalisun jihohi su yi dokar da za ta ware kuɗin katako a asusun da ba ya shiga baitulmalin gwamna, su kuma wajabta ƙidayar itatuwan kowane gandu kafin a sa hannu a lasisi na gaba.