Shinkafar Bakolori: Wa ke riƙe da lissafin masu saye?

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A ganina, babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar cinikin amfanin gona a yankin Bakolori, daga Talata Mafara da Bakura har Damaga ta ƙasar Maradun. Tun da aka kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978, da niyyar noman rani a hekta 23,000, hankalin hukumomi ya fi karkata ga yadda za a noma. Tambayar da aka bari a baya ita ce: wa zai saya, yaushe, kuma a kan nawa?

Amsar wannan tambaya ta daɗe tana cikin kan dillali da littafin bashin ɗan kasuwa. Amma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin Naira, ciniki mai yawa ya koma ta waya da na'urar POS. Duk buhun da aka biya ta wannan hanya yana barin sawu: ranar ciniki, adadin kuɗi da sunan mai biya. Kamfanoni irin su Moniepoint da OPay suna da masana masu nazarin irin waɗannan alƙaluma. Shi kuwa mai kayan, da zarar saƙon shigar kuɗi ya iso masa, magana ta ƙare.

Abin da ya sauya a yau shi ne, karanta alƙaluma bai tsaya ga manyan kamfanoni ba. Manhajoji irin su Excel da Power BI sun ba mai matsakaicin ilimin kwamfuta damar haɗa allon bayanai da kansa, wato shafi guda da ke nuna hoton kasuwarsa a dunƙule. Ƙungiyar manoman shinkafa da ta riƙa rubuta cinikinta na shekara biyu za ta iya gane wane mai saye ne ke dawowa kowace kaka, wane ne ke jinkirin biya, kuma a wane wata farashi ke ɗagawa. Wanda ya san haka ba zai zubar da kayansa ranar girbi ba, sai dai in bashi ya tilasta masa. Mai sayar da taki ma zai san ƙauyen da ya kamata ya fara kai wa kaya kafin shuka.

Sai dai mai karatu, akwai rami biyu a kan wannan hanya. Na farko, allon bayanai ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. Matan da ke turara shinkafa a cikin gida, da cinikin kuɗi hannu, da bashin amana, duk ba sa shiga na'ura. A watan Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a Zamfara, an kuma rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar 'yan bindiga. Wanda ya dubi alƙaluman wannan lokaci daga ofis a Legas zai ɗauka mutane sun daina buƙatar kaya, alhali hanyar saye ce aka toshe. Lissafi sai da wanda ya san ƙasa.

Rami na biyu ya fi zurfi. A yankin da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, jerin sunayen waɗanda suka sayar da buhu ɗari, haɗe da lambobin wayarsu da ƙauyukansu, ba takardar talla ba ce kawai. Idan ta faɗa mugun hannu, ta zama jagorar masu garkuwa da mutane. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare irin wannan bayani a kan wanda ya tattara shi, amma doka ba ta maido da wanda aka ɗauke.

Shawarata ita ce ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa su mallaki lissafinsu, su kuma tsare shi. A maye gurbin sunaye da lambobi, a nuna jimillar gari maimakon ta mutum ɗaya, a taƙaita masu ganin cikakken jerin ga amintattu biyu ko uku. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara na iya horar da matasan da za su yi wa ƙungiyoyin wannan aiki, su ma su sami abin yi.

Ƙwararrunmu da ke bankuna da ma'aikatu a Gusau, Kaduna da Abuja suna aiki da waɗannan manhajoji kullum. Da kowannensu zai koya wa sakataren ƙungiya guda a garinsu, da manomin Damaga ya shiga kasuwa yana sane da darajar guminsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.