Ra'ayinmu: Yoyon fitsari ba abin ɓoyewa ba ne

Daga Babbar Kasuwar Maraɗi zuwa Kasuwar Dole ta Damagaram, akwai mata da yawa da ke zaune gaban kayansu da wata damuwa da ba su faɗa wa kowa. In sun yi tari, ko dariya, ko sun ɗaga buhu, sai fitsari ya kufce musu. Wasu har sun rage shan ruwa cikin zafin bazara don gudun jin kunya.

Wannan ba aikin iskoki ba ne, ba sammu ba ne. Galibi tushensa haifuwa ce. Kowane ciki yana danne mafitsara, kowace naƙuda tana sassauta naman da ke riƙe da ita. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haifuwar 'ya'ya 7,6 a matsakaici, na 2021 ya ce 6,2. In haifuwa ta zo kusa-kusa, jiki bai samun hutun da zai koma daidai.

Mafi muni shi ne doguwar naƙuda. Idan mace ta kwana biyu ko uku a gida, kan jariri ya matse mafitsara da ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ya ɓule. Daga nan fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗari, kuma yankan gishiri ƙara ɓarna yake yi. Sau da yawa jaririn ya rasu, miji ya juya baya, masu saye su ƙaurace, jari ya karye.

Amma ciwon yana da magani. Ana ɗinke shi a cibiyar ƙasa ta Yamai, da asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012. Mai ɗigon fitsari wajen tari ita ma ta ga ungozoma, akwai motsa jiki na matse mara da ke taimakawa.

Muna kira ga alhazai 'yan kasuwa: naƙudar da ta ga fitowar rana kada ta ga wata fitowar a gida. Ku tanadi kuɗin mota tun ciki yana wata bakwai, ku bar izini ko kuna kan hanyar fatauci. Hukumomin gari su gina makewayi mai tsabta a kasuwanni. Ku kuma uwayenmu, ku je awo, ku ba da tazara, ku faɗa wa likita gaskiya. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai tona shi.