Jijiyar muƙamuƙi da bakin yaran Damagaram

Idan haƙoran ƙasa suka zube, ƙashin muƙamuƙi yakan dinga zaizayewa, har jijiyar da ke ratsa cikinsa, mai kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, ta matso kusa da dasashi. A nan dasa haƙori ke cijewa, domin ƙusar titaniyom, wadda likita Brånemark ya fara kafa wa mutum a Suwidin a 1965, tana buƙatar ƙashi mai zurfi. Dabarar da likitoci Jensen da Nock suka bayyana a 1987 ita ce a ɓula taga a gefen ƙashin, a janye jijiyar a hankali, a kafa ƙusa, sannan a kwantar da jijiyar. Aiki ne na gwanaye, kuma leɓe yakan yi watanni a mace, wani ma ba ya farfaɗowa.

Wannan fiɗa ta yi wa mutumin Zermu, a ƙasar Damagaram, nisa. Abin da ke cin muƙamuƙi a ƙauyukan Damagaram ya fi zaizaya muni: cutar noma, wadda ke farawa da kumburin dasashi a bakin yaro mai tamowa, cikin kwanaki ta huda kumatu ta kai ga ƙashi. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ke jinyar irin waɗannan yara a birnin Damagaram, amma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Ya kamata duk ma'aikacin gidan likitan ƙauye da ke auna yaro ya buɗe bakinsa ya duba dasashi, domin a matakin farko wankin baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da cutar.