Yaran da tsoron jawazat ya hana karatu

Duk wanda ya sauke farali ya ratsa Shara Mansur a Makka ya ga yaran nan. Hausa a bakinsu, Larabci ya zauna, amma da hantsi suna gida ko bakin titi. Iyayensu 'yan takari ne, waɗanda suka shiga da bizar Umara ko Hajji suka maƙale. A da, makarantar gwamnatin Saudiyya sai da igama, wato takardar izinin zama, take karɓar yaro, kuma ɗan mara igama ba shi da ita. Abin da ya rage masa sai karatun cikin ɗaki wurin wani malami. Ranar da aka ce jawazat, jami'an shige da fice, sun shigo unguwa kuwa, uwa ta garƙame ƙofa, karatu ya tsaya sai ƙura ta lafa.

Kamen ya tsananta daga Nuwamban 2013 da wa'adin afuwar da aka yi wa marasa takardu ya cika, aka sake wani zagaye a 2017. Wanda aka cafke sai sansanin Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, daga nan a yo tarhil ɗinsa gida. A Amurka tun 1982 kotun ƙoli ta hana korar yaro daga makarantar gwamnati don iyayensa ba su da takardu, amma duk da haka tsoron kame na sa wasu iyaye riƙe 'ya'yansu a gida. Ina ga inda ƙofar ma ta daɗe a rufe?

Me ya haɗa wannan da garin Damri na ƙaramar hukumar Bakura? Bayan harin Mayun 2022 da ya ci rayuka da dama a Damri da maƙwabta, mutumin da noma ya gagare shi ba ya buƙatar dogon lallashi daga dillalin biza. Ban ga laifin mai neman tsira ba. Sai dai dillalin ba zai gaya masa cewa ɗan da zai haifa can zai iya kai shekara 12 bai taɓa zama a aji ba. In an dawo da shi, ba takardar haihuwa, a haɗa shi da 'yan aji ɗaya suna yi masa dariya, ya gudu.

Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, ba ta ware wanda aka haifa a waje ba. Sakatarorin ilimi na Bakura da Talata Mafara da Maradun, ku nemi hakimai da dagatai su nuna muku yaran da aka dawo da su, ku buɗe musu ajin cike giɓi, Larabcinsu kuma a lissafa shi cikin abin da suka iya.